Darnin da Muka Yi wa Wajen Wanki

Ƙauyenmu yana cikin ƙasar Kiru, a bakin wani rafi mai faɗin yashi. A wannan yashin na girma, a nan muke wanki, a nan yara ke wanka, shanu su sha daga sama, mu ɗebi na girki daga ƙasa. Kowace shekara idan ruwan farko ya sauka, sai amai da gudawa su shigo gari. Mukan ce lokacinsa ne.

A kakar da nake ba da labari, aka aiko mini daga Tudun Wada cewa 'yar farina tana da juna biyu. A wajenmu haihuwar fari a gaban uwa ake yi, yarinya ta dawo gida, a yi mata wankan jego har ta yi arba'in. Ban ce wa kowa komai ba, don 'yar fari ba a nuna ɗokinta. Sai dai na fara tara itace a bayan ɗakin girki.

Da na je gaishe da uwar mijinta, ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta kawo fura. Bayan mun gaisa ta gyara zama ta ce, "Yaya, kada ki ji haushina. Lissafinta ya faɗa farkon damina. Bara kuma mun ji abin da ya faru a garinku. Ni dai ina ganin ta haihu a nan."

Na ce, "Ai ruwan jego tafasa shi ake yi."

Ta ce, "Na wanka ake tafasawa. Na wanke kwanuka fa? Hannun masu zuwa barka fa, kowa ya ɗauki jariri?"

Gaskiya ta faɗa, don haka ban yi musu ba. Na ce mata da sauran lokaci, ta bari mu gani. A cikin mota ina dawowa ban ji tsoro ba, don na san gyara ya riga ya zo garinmu, mu ne dai ba mu karɓe shi ba.

Ga yadda aka yi. Bayan cutar bara, ma'aikatan lafiya suka zo suka ɗebi ruwan rafin a kwalabe suka tafi da shi. Da suka dawo, malamar asibiti ta tara mu ta ce ruwan cike yake da ƙwayoyin cuta, irin waɗanda ke fitowa daga bayan gidan mutum da kashin dabba. Gwamnati ta ware tallafi don tsabtace bakin ruwa, garinmu ya samu shiga. Aka gina wa shanu kwamin shan ruwa can nesa da gaɓa, aka yi masai a kan tudu, aka kuma yi wa mata wajen wanki na siminti, da famfon tuƙa-tuƙa, da rami mai shanye ruwan datti. Makiyaya ba su ba da wahala ba. Masai ma an saba da shi a hankali. Wajen wankin ne ya zauna fayau, awaki na kwana a kai. Mata kuwa muna can kan yashi muna wanke tsumman jarirai a cikin ruwan da za mu ɗiba.

Malamar ta yi magana har ta gaji. Ta tambaye mu ko famfon ne da tauri, muka ce a'a. Ko simintin ne da santsi, muka ce a'a. Babu wadda ta iya buɗe baki ta faɗi dalilin, don dalilin ma abin kunya ne. An gina wajen ne daidai gaban tsamiyar da dattawan gari ke zama tun hantsi har la'asar. Wace mace ce za ta sunkuya a gaban surukinta tana cuɗa ɗan tofi da tsumman kashin jariri? Mazan da suka zaɓi wurin sun duba tudu ne da kusa da hanya, kuma ba su yi da mugunta ba.

Ni ba mai magana ba ce a taro. Amma Allah ya sa mai unguwarmu taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, akwai wasa tsakaninmu tun muna yara. Na same shi a zaure da yamma.

Ya ce, "A'a, yau baiwata ce ta tuna da ubangijinta? Me kika kawo mini?"

Na ce, "Hankali na kawo maka, na ji an ce naka ya ƙare."

Ya yi dariya har da buga ƙafa. Na zauna daga gefe na ce, "Ranka ya daɗe, in tambaye ka. Za ka iya wanke wandonka a ƙofar gidan surukarka, tana zaune tana kallo?"

Ya ce, "A'uzubillahi! Ke wace irin magana ce wannan?"

Na ce, "To mu ma haka."

Ya cire hula ya sosa kai. Can ya ce, "Wato tsamiyar ce." Sai kuma ya kalle ni ta wutsiyar ido. "Ke da ba ki da jariri a gida, me ya dame ki da wanki haka? Ko dai itacen nan da ake ta gani a bayan ɗakinki..."

Na ja mayafi na ce masa ya kiyaye ni.

Tayar da dattawa daga inuwarsu ba zai yiwu ba, ban ma nema ba. Abin da na roƙa kara ne. Lokacin an gama yankan dawa, kara na jibge a gonaki. Mai unguwa ya sa kowane gida ya kawo dami, maza suka kafa darni mai tsayi ta ɓangaren tsamiya, ya fi kan mutum. Maigidana ya bar ɗan gefen gonarsa aka fitar da hanya ta baya, yadda mace za ta shiga da kwandonta ba ta gitta gaban kowa ba. Wani tsoho ya yi ta mita wai an tare masa iska. Mai unguwa ya ce masa, "Baba, iskar da ke biyowa ta kan tsumman jarirai ce aka tare maka, ka gode."

Na ɗauka shi ke nan. Washegari na kori awaki, na share wajen, na yi wankina. Ni kaɗai. Haka na yi ta zuwa, ina jin hayaniyar mata daga can bakin rafi, ana shewa. A nan na gane ba wanki kaɗai ke kai mu yashi ba. Can ake jin wa ya zo, wa ya tafi, wa za a yi wa biki. Kuma can ƙawata Bafulatana ke sauke ƙwaryarta ta fura da nono, duk wadda ta gama wanki ta zauna a dama mata.

Na tare ta a hanya na ce, "Ƙawa, ki dawo da ƙwaryarki bayan darni."

Ta ce, "In sayar wa wa? Awaki?"

Na ce, "Ki sayar mini. Ni zan sha ta yau."

Ta ce, "Ke da ko rabin ludayi sai kin huta? Haɓe dai, ba ku iya shan nono ba, sai ciniki." Amma ta biyo ni. Ta ga famfo, ta wanke ludayinta da faifanta a ruwa mai haske, ta daɗe tana juya ƙwaryar a rana. Ta rasa ɗan ƙanwarta a cutar bara, ba sai na yi mata dogon bayani ba.

Mata suka gama wanki a rafi, babu mai fura. Aka ce tana bayan darni. Suka zo sha, suka ga babu idon namiji, ga inuwa, ga ruwa ba sai an sunkuya cikin laka ba. Mai kitso ta biyo baya da tabarmarta. Daga nan hira ta tashi ta dawo, wanki ya biyo ta. Akwai waɗanda suka noƙe har bazara, ba mu yi faɗa da kowa ba. Idan muka ga mace ta nufi rafi da tsumma, sai a ƙwala mata kira a ce ta zo ta ji wani labari.

Gab da damina ma'aikatan suka sake ɗiban ruwa. Malamar ta ce ƙwayoyin sun ragu sosai, amma kada mu daina tafasa na sha. Ban aika wa kowa da wannan labari ba. Na san Tudun Wada ba nisa, kuma masu acaɓa ba sa riƙe magana.

Ranar wata kasuwa sai ga uwar mijin yarinyar ta sauka a ƙofar gidanmu, wai wucewa take ta ce bari ta gaishe mu. Bayan ta huta ta ce ƙafarta ta sage, tana son ta ɗan taka. Na raka ta. Muka bi ta hanyar baya, ta leƙa cikin darni, mata suka gaishe ta. Muka gangara rafi. Yashi fes, babu tsumma, babu sawun shanu, sai yara can suna tsalle. Ta tsuguna ta ɗebi ruwa a tafin hannu, ta duba, ta zubar. Muka juyo gida.

Da za ta hau babur, ta gyara mayafi ta ce, "Yaya, itacen damina ba ya kamawa da wuri. Gara ki fara nema tun yanzu."

Na ce, "To, Allah ya kai mu." Ban nuna mata bayan ɗakin girki ba, inda tarin ya kusa kai rufi. Sai da ƙurar babur ɗin ta kwanta na shiga na fara wanke babbar tukunyar ruwan jego.