Ardon da Ba a Taɓa Haifa Ba

Kafin sunana ya ɓaci, ni ɗan tela ne a unguwar Turaki, nan cikin Jalingo. Kakanmu ya zo daga Zariya da keken ɗinkinsa, babanmu ya gaje shi, ni ma aka sa ran zan gaji babanmu. Amma hannuna bai taɓa son allura ba, kwamfuta yake so. Da na gama sakandare na koyi buga rubutu, kuma kafin babanmu ya rasu ya taimaka mini na kama ɗan shago kusa da wata babbar makaranta. Na sa kwamfuta biyu, firinta ɗaya, da wani janareta mai tari kamar tsoho. Mu biyu ne wurin Innarmu, ni da ƙanwata, wadda zan kira Rabi a nan ko da yake ba sunanta ba ne. Ku riƙe sunan, domin saboda ita nake wannan rubutu.

Da farko aikina halal ne tsaf. Ɗalibi ya kawo furojet ɗinsa, wato rubutun binciken da ake yi kafin a kammala karatu, in buga masa, in haɗa bango, ya tafi. Daga nan na fara gyara musu Turanci. Sai wani ya ce in cike masa babi ɗaya, lokaci ya ƙure masa. Kafin in ankara, take kawai ake kawo mini, ni ke rubuta sauran. Ban taɓa zama a ajin jami'a ba, amma na kammala digiri ya fi a ƙirga da sunayen wasu. Abokin aikina kuwa insakulofidiyar nan ce ta intanet, wadda ta tara bayani kan kusan komai, kuma kowa yana iya shiga ya rubuta ko ya gyara. In kwaso, in juya jimloli, in miƙa.

Wata rana da damina wani ɗalibi Bafulatani ya shigo a jiƙe. An ba shi tarihin ƙauyensu, wani ɗan ƙauye a hanyar Sunkani.

"Oga, malam ta ce sati mai zuwa ne ƙarshe," in ji shi. Malamin namiji ne, haka dai Hausarsa take.

Na duba intanet sama da ƙasa, ko sunan ƙauyen babu. Na ce masa, "To wa ya kafa garin naku?"

Ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Wallahi mi anda."

Ɗan Fulatancin kasuwa da nake ji ya ishe ni in gane cewa ban sani ba yake nufi. Na yi dariya na ce, "Shi ke nan, Ardo Miyanda ne ya kafa shi." Shi ma ya yi dariya, sannan ya tambaye ni ko ba za a kama shi ba. Na ce malaminsa ba ɗan nan ba ne, ya kwantar da hankalinsa.

Matsalar ita ce malamai suna son manazarta, su ga inda ka samo magana. Sai na shiga insakulofidiyar na buɗe wa ƙauyen shafi. Na rubuta cewa Ardo Miyanda ya zo da shanunsa daga gabas, ya sauka a gindin wata tsamiya, ya haƙa rijiya, ya ƙulla amana da manoman ƙabilar Mumuye: shi ya ba su bijimi, su suka ba shi doya. A ƙasan shafin na ƙirƙiri littafin wani Bature matafiyi, da sunansa da lambar shafi, littafin da ba a taɓa bugawa ba. Sannan na rubuta furojet ɗin, na kafa hujja da shafin da na rubuta da hannuna. Yaron ya ci, ya tafi, ban sake ganinsa ba.

In faɗi gaskiya, na taɓa gwada irin wannan wasa a shafin wani babban birni, amma kafin in shanye ledar ruwa wani ya goge. Manyan shafuka suna da masu gadi. Ƙauyen da ke hanyar Sunkani kuwa ba wanda ya leƙa. Kullum sai in buɗe in ga Ardona yana nan zaune daram, in ji wani irin daɗi da ban iya kwatantawa. Na gane cewa in magana ta fito a rubuce, da Turanci mai tsafta, mutane ba sa tambayar ubanta.

Wannan ganewar ce ta kai ni gidan yari. Wanda ya iya ƙera littafi, takardar sakamako ba za ta gagare shi ba. Na fara da canja maki ɗaya a sakamakon wani, na koma buga takardar shaidar kammala karatu sukutum, da hatimi da sa hannu. Wani da ya samu aiki da takardata aka tantance shi, ko mari ba a yi masa ba ya faɗi sunana. Da rana tsaka 'yan sanda suka zo, masu shagunan maƙwabta suna tsaye suna kallo, aka fito da ni da kwamfutocina. Alƙali ya ba ni shekara uku. A duk zaman kotun ba wanda ya ambaci Ardo Miyanda, ni kaina na manta da shi.

Mutane suna zaton yunwa ce ta fi ciwo a gidan yari. A wurina ranar ziyara ce. Gandiroba zai tsaya yana kiran sunaye, kowa ya kasa kunne, wanda ba a kira ba ya koma ya zauna kamar bai damu ba. Abokan da muke cin tsire tare, ko ɗaya bai zo ba. Inna ma ba ta zo ba, kunya ta hana ta fita ko biki. Rabi kaɗai ke zuwa, Asabar ɗin farko ta kowane wata, da dambu da ƙuli-ƙuli a ƙullin leda. A lokacin tana shekarar ƙarshe a sashen tarihi na makarantar nan da ke kusa da shagona, ita ce ta farko a gidanmu da ta kai nan. Takan ce mini, "Yaya, kuskure ka yi, amma ni na san ba halinka ba ne." Wannan maganar nake juyawa a raina har watan ya zagayo.

Wata Asabar ta zo fuskarta sai walwala. Ta ce an ba ta take, zaman makiyaya da manoma a ƙauyukan hanyar Sunkani.

"Yaya, na samu wani labari mai daɗi," in ji ta. "Wani Ardo ne, Ardo Miyanda. Shi zan gina babi na biyu a kansa. Mutanenmu suna buƙatar su ji cewa an taɓa zama lafiya."

Na ce, "A ina kika gan shi?"

"Wuri uku. Yana cikin insakulofidiya, yana wani shafin labaran gargajiya, kuma na samu wani tsohon furojet a laburaren sashenmu da ya kawo shi. Littafin Baturen ne kawai ban samu ba, amma tunda duk sun ambace shi, zan sa shi a manazarta."

Shaidu uku ta kawo, kuma duk ukun ni ne, domin shafin labaran ma daga nawa ya kwafa. Na buɗe baki na ce, "Da kin je ƙauyen kin tambayi dattawa." Ta ce ruwa ya cinye hanyar, keke ba ya shiga, lokaci kuma ya matse. Abin da ya rage in faɗa bai fi jimla ɗaya ba. Na dubi ƙullin dambun, na dubi fuskarta, na tuna cewa ita kaɗai ta rage a duniya da take ganin ni ba maƙaryaci ba ne. Na ji tsoron in na faɗa, Asabar mai zuwa ba za a kira sunana ba. Gandiroba ya ce lokaci ya yi. Na ce mata, "Allah ya ba da sa'a."

Ta sake zuwa sau biyu, tana ba ni labarin babin, har tana karanto mini jimlolin da na san nawa ne. Duk sau biyun na shirya zan faɗa, duk sau biyun na yi shiru. Na riƙa lallashin kaina cewa wancan yaron ya wuce lafiya, ita ma za ta wuce.

Asabar ta huɗu ba a kira ni ba. Ta biyar ma haka. A ta shida aka kira ni, na fito da sauri, sai na tarar da Inna. Ba ta zauna ba, ba ta kawo komai ba.

A tsaye ta ba ni labarin. Ranar da Rabi ta je kare furojet ɗinta gaban malamai, an gayyato wani dattijon malami ɗan asalin wajejen nan. Ya karanta sunan Ardon a hankali, ya raba shi biyu, ya ce, "Mi anda. 'Yata, Ardo Ban-sani-ba ke nan kika rubuta wa babi guda?" Ɗakin ya kwashe da dariya. Dattijon bai wulaƙanta ta ba, ya ba ta mako biyu ta kawo littafin Baturen. Ta nema a nan, ta sa aka nema mata a Yola da Zariya, babu shi babu alamarsa. Da kwamiti ya zauna, wani ya tuna musu ƙanwar wane ce. Aka ce ita ta ƙirƙira, aka soke aikin, aka sallame ta.

Na ce, "Inna, ta san...?"

"Ta sani," in ji Inna. "Ta koma ta juya bangon tsohon furojet ɗin, ta ga tambarin shagonka. Wai kuma a intanet ɗin akwai inda ake ganin wanda ya fara rubutawa. Ta ga an sa Ɗantela." Sunan da Rabi ke tsokanata da shi ke nan tun muna yara, da shi kuma na buɗe shafin. Inna ta gyara mayafinta ta ce, "Ba ƙaryar ce ta fi ƙona mata rai ba. Sau uku ta zauna a gabanka."

Sauran zamana ban sake kasa kunne ranar ziyara ba. Na koma ga salla da istigfari, na kuma gane cewa laifin da alƙali ya ɗaure ni a kansa ba shi ne babba ba.

Ranar da aka sake ni ba kowa a bakin ƙofa. Kafin in je gida na shiga wani shago irin nawa na da, na buɗe shafin ƙauyen, na goge Ardo Miyanda kaf. Na fita na yi azahar, na dawo in tabbatar, sai ga shi ya dawo. Wani da ban sani ba ya mayar da shi, ya bar mini saƙo cikin ladabi cewa ba a goge bayanin da ke da manazarta. Na duba ƙasa. Yanzu ba littafin Baturen kaɗai ba ne, har da wata maƙalar jarida da ta kwafi labarin daga shafin. Na rubuta musu cewa ni na ƙirƙira, aka ce in kawo hujja. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi. Ƙaryata tana da shaidu, gaskiyata ba ta da ko ɗaya, kuma har yau ana ta tattaunawa a kai.

Na rubuta wa makarantar su Rabi wasiƙa, na faɗi komai, na sa hannu da sunana na gaskiya, na kai da ƙafata. Sun karɓa, ba su ce komai ba tukuna. Yanzu ina kan keken ɗinkin babanmu a Turaki, ina koyon abin da na raina. Shago ne shiru, ba mai zama hira.

Ku ɗalibai, ban ce ku daina buɗe insakulofidiya ba. Yawancin masu rubutu a cikinta mutanen kirki ne, ni ma na ƙaru da ita sosai. Ku fara da ita, amma kada ku ƙare a kanta. Ku gangara ƙasan shafi ku ga daga ina maganar ta fito. Littafin da ba ku riƙe da hannunku ba, ko ba ku buɗe da idonku ba, kada ku sa shi a manazarta. In kun ga magana ɗaya a wuri uku, ku bincika ko bakin mutum ɗaya ne. In tarihin ƙauye ne, ku taka ku je, ko da taɓo zai kai gwiwa, ku zauna gaban dattawa. Ku rubuta aikinku da kanku, kada ku miƙa wa irina. Wanda kuma ya san ya shuka ƙarya a wani wuri, ya faɗa tun kafin ta iso ƙofar gidansu.

Rabi tana unguwar Kachalla Sembe wurin gwaggonmu, tana koya wa yaran unguwa karatu a tsakar gida. Duk Juma'a bayan masallaci nakan je in yi sallama, a ce mini tana ciki, in tsaya kaɗan in juyo. Makon jiya ta fito. Ta rame, alli duk a yatsunta. Na gaya mata batun wasiƙar, ta ce ta ji. Muna jin yara suna bitar karatu a ciki.

Na ce, "Rabi, za ki iya yafe mini?"

Ta daɗe tana kallona, ba fushi a fuskarta, ba murmushi. Sannan ta ce, "Mi anda, Yaya." Ta koma wurin yaranta.