Masu sharar gindin tabki

A ƙauyenmu, kusa da Dumega, kakata Iya Hajo ba ta fara gatana sai ta gama kankare tukunyar tuwo. Mu jikoki muna kewaye da murhu, muna haɗiyar yawu saboda ƙanzo, ita kuwa tana ta aiki da makankarinta, ɓawon nan mai sheƙi na ƴar halittar da ke kwance cikin lakar tabki. Tsohuwa da jan rai!

"To, ga ta nan, ku buɗe kunnuwa," in ji ta.

Wai Doguwa, aljanar tabki, tana da masu yi mata shara: makankari, katantanwa da tsutsotsin laka. Ta yarda mutane su ɗauki ɓawon da ya buɗe da kansa, amma kada a taɓa rufaffe, don mai gida na ciki. Sai wata mata mai haɗama ta kwashe rufaffun cikin kwando. Ruwa ya yi kore, kifaye suka taso ciki a sama.

"Doguwa ba ta yi hwaɗa ba," Iya ta ce a hankali. "Tashi ta yi, ta bi masu shararta. Ruwa na nan, amma babu kowa ciki."

Wallahi, ko gatanar kura ba ta firgita ni haka ba.

Bara na je gida, na tarar Iya ta makance, makankarinta kuma ya tsage biyu. An ba ta cokali, ta ƙi.

"Ɗiyata, tahi tabki ki samo min wani. Buɗaɗɗe hwa!"

Na tafi. Lambunan albasa sun kewaye tabkin, ga gwangwanayen maganin ƙwari yashe a bakin ruwa. Na shiga har gwiwa ina lalube. Muna yara, ɓawo ke yanka mana ƙafa a wurin nan. Yanzu kuwa sai baƙar laka mai wari, babu abin da ya motsa. Na dawo ina shirya ƙaryar da zan yi mata.

Ta kama hannuna, ta shinshina.

"Ko rufaffe ba ki gani ba?"

Ta saki hannuna, ta ce:

"To, ta tashi ke nan."

Iya ta rasu kafin damina. Ko maganin ƙwari ne ya kashe su, ko wani abu dabam, ban sani ba. A da na ɗauka gatanar kashedi ce ga mai haɗama ɗaya, sai ga shi babu wanda ya zo da kwando. Tabkin na nan cike, yara na wanka, kuma har yau in na wuce ta bakinsa sai tsigar jikina ta tashi.