Ranar da Katafila Ta Faɗa Gonar Wani Dattijo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tuƙa katafila a wani kamfanin gina hanya. Da kamfanin ya tattara ya bar Kano aka yi gwanjon tsofaffin injinansa, sai ni da yayana muka sayar da filin da muka gada a Kumbotso, muka sayi guda ɗaya. Kujerarta ta yage, hayaƙinta baƙi ƙirin, amma na san halinta, don ni nake hawanta a ƙarshen zamana a kamfanin.

Yayana ya yi mana rajista, ya buga kati, ya shiga zagayen ofisoshi da babbar riga yana neman kwangilar hanya. Wata uku katafila tana ajiye a bayan gidanmu a Kura, kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta.

Aikin farko daga ƙungiyar manoman rani na wani ƙauye a ƙasar Bunkure ya zo. Hanyar da ta bi gefen kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki ta zaizaye, motocin tumatir sun daina shiga. A rana ta biyu da hantsi na matsa gefe fiye da kima. Ashe ruwa ya daɗe yana cin ƙasar ta ciki. Gefen ya rufta, katafila ta zame a hankali ta zauna cikin fangalin da wani ya yafa irin shinkafa, saura kwanaki a yi dashe. Sai bayan la'asar na fito da ita, da taimakon mutanen gari da kututturan giginya. Irin kam ya koma taɓo.

Mai gonar wani dattijo ne siriri. Tun da aka fara yana tsugune a kan kunya, bai sa hannu ba. Na je na durƙusa.

"Baba, ka yi haƙuri. Laifina ne."

"Iri dai ya tafi," in ji shi. "Zan roƙa a wajen ƙanena. Taso ka ga wani abu."

Ya kai ni kusurwar gonar ta gabas, inda ƙasa ta yi tudu, babu komai sai ƙaya.

"Tun da aka raba mana gonakin nan ruwa bai taɓa hawa nan ba. Na yi da shebur har na gaji. Abar nan taka za ta iya?"

Na ce za ta iya.

Da na faɗa wa Yaya, ransa bai so ba. "Mu fa 'yan kwangila ne," ya ce. "Yau ka gyara gonar wani, gobe a kira ka ka share bola."

Na ce na riga na yi alkawari.

Bayan na gama hanyar na koma. Na kankare ƙasar sama na tara gefe, na yanke tudun, sannan na mayar da ita na baje. Wuni ɗaya ya ɗauke ni. Aka buɗe ruwa, ya bi ya rufe wajen har ƙarshe. Maƙwabta suna tsaye suna kallo, kuma kafin in tafi mutum uku sun ja ni zuwa nasu gonakin. Aikin da nake yi ke nan har yau, daga Kura zuwa Bunkure. Yaya ya ƙara shekara yana zagaye, daga baya ya koma sayar da shinkafa.

Da aka yi girbi na haɗu da dattijon a kasuwar Bunkure, na tambaye shi kusurwar.

"Ba ta yi ba," ya ce. "Nauyin abar taka ya danne ƙasar. Zan zuba mata taki in gwada albasa."

Tun daga nan, in na gama baje gona, sai na ce wa mai ita ya sa garma ta bi sau biyu kafin ya shuka.