Burodin da Inna take gasawa

Shekarun baya, lokacin farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa har mahauta suka gaji da fiɗa, ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Yamai, ina hayar ɗaki biyu a Banifandu. Soja ke mulki. Ko kalmar yunwa za ka faɗa a cikin taksi, sai ka duba wanda ke kusa da kai tukuna.

Na aika aka ɗauko mahaifiyata daga ƙauyenmu na wajen Tawa. Ƙanwata da 'ya'yanta huɗu suka zauna can, don mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba. Ranar da Inna ta sauko daga mota na ga zanenta ya kusa zagaye ta sau biyu. Na yi wa kaina alkawari sai na mayar mata da jikinta.

Hatsi sai an bi layi, amma burodi ana samu. Kullum kafin in tafi aiki nakan sayo dogaye biyu in ajiye mata, da madara da sukari. Wata guda, wata biyu, burodi ba ya kwana, Inna kuma ba ta ƙara ko tsoka ɗaya ba.

Wata rana na dawo da wuri na tarar ta yanyanka shi, ta jera a kan furno, murhun gawayin nan na ƙarfe, tana juyawa bisa garwashi har ya bushe ƙayau. To ni ban daɗe da jin kalmar kalori ba, wato ƙarfin da ke cikin abinci, a wani horo da aka yi mana. Kun kuwa san ɗan boko da sabuwar kalma. Nan take na kama ɓarawona: wuta ce ke cinye wa Inna kalori.

Na ɗauki rabin burodi na kai wa abokina mai shago a Wadata, muka aza a sikelinsa. Muka gasa wajen mai shayi, muka sake azawa. Ya ragu! Abokina, da ke kira na mushe yadda ake kiran malaman lakwal, ya ce, "Ka gani ko, mushe? Wuta ma da cikinta." Na tafi da hujjata wajen wani abokin da ke aikin asibiti, ya yi min dariya. Wai ruwa ne kawai ya fita, ƙarfin yana nan yadda yake. Washegari malamin lissafi na lakwal ɗinmu ya ce ai in ruwa ya fita, kilo guda na gasasshe ya fi kilo guda na ɗanye ƙarfi. Wani ya ce ya ragu, wani ya ce yana nan, wani ya ce ya ƙaru. Na dawo gida kaina ya fi na da ɗaurewa.

Da na rasa na kamawa, sai na ɓoye furnon. Bayan kwana uku na ga burodi a kan faifai, an shanya bisa rufin kwano. Wallahi na tsaya a tsakar gida ina tunanin ko rana ma tana cin kalori.

Ranar wata Alhamis da ba mu da aji, aka yi sallama a ƙofa. Direba ne ɗan garinmu, mai jigila tsakanin Yamai da Tawa. Da ya gan ni sai ya ɗan diririce.

"Saƙon Inna na zo ɗauka," in ji shi.

Inna ta shiga ɗaki, ta jawo buhu daga ƙarƙashin gado. Na kwance bakinsa. Busasshen burodi ne cike, har da gwangwanin madara biyu da ba a fasa ba. Direban ya ce wannan ne karo na huɗu.

Na ce, "Inna, ke kuma me kike ci?"

Ta ce, "Ina ɗanɗanawa. In ba a gasa shi ba, kahin ya kai can ya yi hunhuna. In ya bushe kuwa, sai ƙanwarka ta daka, ta dama wa yara." Ta kalle ni. "Kai kuma mi kake ta awo da shi a kasuwa? An gaya mini."

Na gaya mata zargin da nake wa wuta. Kunya ta rufe ni, sannan kuka ya zo. Na yi mako uku ina zagaya Yamai da gutsuren burodi a aljihu, na tambayi kowa, ban tambayi matar da ke gasa shi ba.

Daga ranar na koma sayen huɗu. Biyu ni da kaina nake hura furno in gasa, biyu kuma ba na fita sai na ga ta cinye rabi a gabana, tana mitar na mayar da ita jaririya.

Mai aikin asibitin ne ke da gaskiya, daga baya na tabbatar. Amma har yau in na ji ƙamshin burodi a kan wuta, ba kalori nake tunawa ba. Muryar Inna nake ji tana ɗaure bakin buhun nan, tana cewa, "Bar zargin wuta, ba ta ci maka komi ba. Ni ce ban ci ba."