Ranar Da Zebulon Ya Mayar Da Aikin Ganguna

Duk wanda ya taɓa zama a Tansy Landing, a bakin Kogin Ohio ta ɓangaren Kentucky, ya san ƙarar gudumar Zebulon Pruitt kafin ya san fuskarsa. Gangunan katako yake haɗawa, na fulawa da na gishiri da na giyar tuffa. Sana'ar gado ce. Abu na biyu da ya gada daga ubansa shi ne ƙin banki, kuma da dalilinsa. Yana saurayi a shekarar 1819 kasuwa ta karye, babban bankin ƙasa ya shaƙe ƙananan bankuna, su kuma suka shaƙe talakawa. A gaban idonsa aka yi gwanjon shagon ubansa, har da kujerar da tsohon ke zama yana firar katako. Tsohon bai ƙara dariya ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Da ƙyar da siɗin goshi Zebulon ya tada nasa shagon. Ya auri Keziah, mace mai baki da zafin nama, ya kuma sami yayanta Obadiah Crouch a matsayin suruki da abokin sana'a. Obadiah maƙeri ne, shi ke ƙera zoben ƙarfen da ake ɗaure ganga da shi. Babu zoben Obadiah, gangar Zebulon tarin itacen girki ce kawai. Kullum da yamma suna zaune a ƙofar maƙera suna tsine wa masu banki, ɗaya ya ajiye ɗaya ya ɗauka.

Mu a nan ba a ɓoye ƙuri'a. Ranar zaɓe alƙalan zaɓe za su jera kujeru a barandar kotu, magatakarda na gefe da alƙalami, a kira sunanka ka hau matakala ka faɗi wanda kake so da bakinka. Maƙwabcinka na ji, surukinka na ji, wanda kake ci a ƙarƙashinsa ma yana ji. Shekarar da shugaban ƙasa, wanda ake kira Tsohon Janar, ya nemi komawa kujerarsa da alƙawarin murƙushe babban bankin, Zebulon ya ɗaga murya ya faɗi sunansa har dokin wani manomi ya tsinke igiya. Janar ya ci, babban banki ya kwanta, su Zebulon suka yi rawa a titi da takalman aiki.

Murnar ba ta yi tsawon rai ba. Ƙananan bankuna suka tsiro ko'ina kamar ciyawar bayan ruwa, kowanne yana buga takardar kuɗinsa da hoton jirgin ruwa ko na saniya. Zebulon, mutumin da ba ya yarda da komai sai azurfar da zai ciza, shi ma ya bi yayi. Ya sayar da gangunan shekara guda ga wani fatake daga ƙetaren kogi, ya karɓi takardu masu kyau sababbi fil. A bazarar 1837 bankuna suka rufe taga, suka ce babu azurfar da za su musanya takardun da ita. Bankin da ya buga takardun Zebulon kuwa, aka je aka tarar ɗaki ne guda da kwaɗo a ƙofa.

Keziah ba ta yi kuka ba. Ta dama ƙullun fulawa ta lilliƙe takardun a tsagar bangon ɗakin kwana inda iska ke shigowa.

"Ka ga, Maigida," ta ce, "bankinka ya yi mana rana. Bana sanyi ba zai kashe mu ba."

Shekaru uku suka biyo baya masu wuya. Babu mai sayen ganga tunda babu mai aika kaya. Fate-faten masara safe da dare, wani lokacin ma sau ɗaya. 'Yarsu tilo, Lavinia, mijinta ya rasa aiki ya ɗauke ta suka nausa yamma a keken shanu, kuma wannan ya fi komai cin ran Zebulon. Duk dare in ya kwanta, hoton saniyar nan na bango ne ke kallonsa. A nan ne wani tunani ya fara damunsa, wanda ya ji kunyar faɗa wa kowa: anya ba su yi wauta ba? Babban bankin mugun kare ne, ya sani, shi ya cinye ubansa. Amma kare ɗaya ne, kuma shi ke tsare ƙananan. Da aka kashe shi, sai ga su ɗari suna cizo.

Zaɓen 1840 ya zo da hayaniyar da ba a taɓa gani ba. Magajin Janar ne ke kan kujera, jama'a kuma sun ɗora masa laifin yunwarsu. 'Yan adawa suka fito da nasu tsohon sojan, suka ce talaka ne mai kwana a bukkar katako yana shan giyar tuffa, don haka duk taronsu sai an jera ganguna an sha. Ana kuma sa ran in ya ci zai dawo da babban banki. Shugabansu a garinmu shi ne Hiram Gault, mai gidan niƙan fulawa, mutum mai tumbi da agogon sarƙa. Shi ya zo shagon Zebulon da kansa, ya sayi gangunan taro, sannan ya tsaya yana shafa ɗaya.

"Pruitt, hannunka na da kyau. Fulawar da zan aika bana tana buƙatar ganguna har ƙanƙara ta narke. Aikin naka ne." Ya ɗan yi murmushi. "Za mu haɗu a barandar kotu, ai ko?"

"Za mu haɗu, Yallaɓai," Zebulon ya ce.

Kafin magariba labari ya kai maƙera. Obadiah ya zo ko hannu bai wanke ba, ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"An ce Gault ya saye ka."

"Ganguna ya saya, Yaya."

"Har da bakinka a cikin ganga ɗaya, an ce. Kai da aka yi gwanjon kujerar ubanka. To ka ji ni da kyau. Ranar da ka hau matakalar nan ka faɗi sunan mutuminsu don fulawa, ka nemi wani maƙerin. Ba na ƙera wa wanda ake saye."

Abin da ya ɗaure Zebulon ke nan. Da ma sunan ɗan takarar su Gault ya yi niyyar faɗa, tun kafin Gault ya tako ƙafarsa shagon. Amma wa zai yarda? In ya faɗa, gari duka zai ce yunwa ce ta yi magana, Obadiah kuma ya tafi har abada. In ya faɗi sunan magajin Janar don ya wanke kansa, ya yi ƙarya a gaban jama'a. Ya zauna kan kujerar fira ya kasa ɗaga wuƙa. Takaici ya cika shi, har da na kansa.

Keziah ta ajiye masa kwanon fate-fate ta tsaya a kansa.

"Wai wanne kake so a ranka?"

"Na Gault. Amma ba don Gault ba."

"To ka raba su mana."

"In na raba su, me za mu ci?"

"Me muke ci yanzu? Wannan ɗin ne dai. Ban mutu ba, kai ma ga ka nan kana cika min kunne."

Ranar zaɓe filin kotu ya cika maƙil, kekunan doki har bakin kogi. Gault na tsaye kusa da alƙalai yana ɗaga wa kowa hula. Obadiah ya riga ya hau, ya faɗi sunan magajin Janar kamar yana dukan ƙarfe, ya sauko ya harɗe hannuwa. Da magatakarda ya kira Zebulon Pruitt, wani daga baya ya ce, "Ga gangar Gault nan tana mirginowa," aka kwashe da dariya.

Zebulon ya hau. Bai dubi alƙalai ba, Gault ya duba.

"Yallaɓai, kafin in yi abin da ya kawo ni. Aikin gangunan fulawar nan, na gode, amma na mayar maka. Ka ba wani."

Fuskar Gault ta yi ja har kunne. 'Yan jam'iyyar Janar suka fara tafi, sun ɗauka nasu ya dawo gida. Zebulon ya jira tafin ya lafa, ya juya ga magatakarda, ya faɗi sunan ɗan takarar su Gault, a hankali, yadda na ƙarshen fili ma zai ji.

Wallahi ban taɓa ganin taro ya rikice irin na ranar ba. Masu tafi suka tsaya da hannuwa a sama, mutanen Gault suka rasa ko murna za su yi ko zagi. Magatakarda ya ce ya maimaita, ya maimaita. Ya sauko ya ratsa jama'a ya nufi gida, babu aiki, babu jam'iyyar da za ta ce nata ne.

Gault bai yafe ba, ya kai aikin ƙetaren kogi. Ɗan takarar da Zebulon ya zaɓa ya ci, ya hau kujera, wata guda ya yi ya mutu, babban bankin da aka sa rai kuwa bai dawo ba. Zebulon ya rayu har jikokinsa na wajen Lavinia suka zo suka koyi sana'a a hannunsa, kuma duk sanda aka tsokane shi da wannan ƙuri'a sai ya ce ai ta yi wata guda tana aiki. Amma abin da garin ya riƙe shi ne safiyar da ta biyo bayan zaɓen.

Yana zaune a shago babu abin yi, sai ya ji ƙarar ƙarafa a titi. Obadiah ne, ya rataya zobban ganga a kafaɗu biyu, yana haki. Wannan karon ya shigo har ciki, ya zube su a ƙasa.

"Yaya, ai babu aiki," Zebulon ya ce.

"Masu dafa gishiri na sama da kogi suna neman ganguna. Mutanenmu ne. Na aika musu cewa ina da wani suruki, kansa ba daidai yake ba, amma gangarsa ba ta yoyo."

"Ka san wanda na zaɓa."

"Na ji da kunnena, har sau biyu. Jaki ne kai, Zebulon, jakin gaske." Ya ja kujera ya zauna, ya share gumi da hula. "Amma ba na sayarwa ba. Ke Keziah, akwai sauran fate-faten nan?"

"Akwai," ta amsa daga madafa, "in za ka wanke hannu."

Zebulon ya sunkuya ya ɗauki zobe ɗaya, da sauran ɗumin wuta a jikinsa. Ashe tun asuba Obadiah ya hura maƙera.