Watan Baba Ilu da Na Kulle a Sito

Shekaru sun ɗan ja, amma ranar da aka buɗe gidan nuna kayan binciken sararin samaniya a kwalejinmu ta Gumel ba ta bar raina ba. Ku da kuka fara aiki daga baya kun tarar da komai a mazauninsa, shi ya sa nake so ku san abin da ya faru.

A lokacin ni ne mai kula da sito, ina mataki na shida. Ƙa'idar aikinmu ita ce duk kayan da ya shigo sai na duba shi, na ba shi lamba, na rubuta lambar a jikinsa da farin fenti. Abin da ba shi da lamba, a idon hukuma ba kayan kwaleji ba ne. Haka na karɓi kayan gidan ɗaya bayan ɗaya: rigar 'yan sama jannati da ƙatuwar hularta, samfurin roka da ya fi ni tsawo, ƙaramin tauraron ɗan'adam mai fukafukai, madubin hangen taurari, da manyan hotunan duniyoyi.

Kafintanmu shi ne Baba Ilu, mutumin wani ƙauye a yankin Sule Tankarkar. Saura masa 'yan watanni ya yi ritaya. Shi ya ƙera duk teburan da aka ɗora kayan. A ƙauyensu yana cikin waɗanda ake dogara da su wajen duban jinjirin wata, don haka aikin ya shiga ransa ƙwarai. Wata rana ya tsaya gaban hoton wata ya ce da ni, "Habu, duk kayan nan babu wanda zai nuna wa manomi yadda wata ke tsayawa da yadda yake ɓata."

Na ce, "To Baba, sai ka rubuta wa Turawan da suka yi kayan su gyara."

Ya yi dariya ya ce, "Ni da ko sunana sai da dangwale? Bari dai ka gani."

Mako uku ya yi yana aiki a lokacin hutunsa. Ya samo wilin tsohon keke a kasuwar Maigatari, ya kafa ƙaramin duma a tsakiya a matsayin duniya, ya soke ƙwallon goruba da ya shafa wa farar ƙasa a bakin wilin a matsayin wata. Ya sa su cikin akwatin katako mai baƙin ciki, da tocila a gefe guda a madadin rana. In ka leƙa ta wata 'yar kafa kana juya mariƙin wilin, sai ka ga goruba ta fito siririya kamar jinjirin wata, ta cika, ta sake ramewa. Ni kaina a nan na fara fahimtar abin. Ya ajiye akwatin kusa da ƙofa, ya ce ranar buki shi zai riƙa juya wa baƙi.

Ana gobe buɗewa, mataimakin shugaban kwaleji ya zagaya. Kun san al'adarmu in manyan baƙi za su zo: a shafe duwatsun bakin hanya da farar ƙasa, a kwashe duk abin da ya tsufa a ɓoye. Ya nuna akwatin ya ce, "Wannan fa? Ban ga lamba ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na Baba Ilu ne."

Ya ce, "To, ka san aikinka," ya wuce.

Ina so ku lura, bai ce in fitar ba. Gwangwanin fentin yana hannuna, kuma ni nake ba da lamba. Da na rubuta masa tasa, da magana ta ƙare. Amma na dubi rokar tana ƙyalli, na dubi wilin keke mai tsatsa, sai kunya ta kama ni. Bayan Baba ya hau babur ɗinsa ya tafi gida, na ɗauki akwatin na kai sito na kulle.

Da safe ya iso cikin sabuwar shadda mai ruwan toka. Na gan shi ya tsaya a wurin da akwatin yake, ya dubi ƙasa, ya dubi ni. Ya koma bayan jama'a ya tsaya.

Aka yanke kirtani, aka fara zagaye. Wani malamin kimiyya ne ke bayani. Da aka zo wurin hotunan wata, sai wani dattijo cikin tawagar garin Gagarawa ya ce, "Malam, rigar nan mun gani, madalla. Amma ni tambayata, ina wata yake zuwa in ya ɓata?"

Malamin ya yi ƙoƙari. Ya zana da yatsa a iska, ya haɗa da Turanci. Dattijon ya gyaɗa kai irin na ladabi ya ce, "To, Allah ya ƙara sani." Kowa ya san bai gane ba.

Daga bayan jama'a Baba Ilu ya ɗago ya dube ni. Makullin yana aljihuna, sito kuwa bai fi taku ashirin ba. Na tsaya ina tunanin abin da mataimakin shugaba zai ce in na shigo da akwati a gaban baƙi. Ina cikin tunanin aka ce a wuce wurin cin abinci.

Da jama'a suka watse, Baba Ilu ya same ni ina naɗe tabarmi. Ya ce, "Habu, ka dai ɗora shi a kan wani abu ko? Gara tana son goruba."

Na ce, "Na ɗora, Baba."

Ya ce, "To, madalla." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Na yi niyyar ba shi haƙuri. Kullum sai in ce sai na fara mayar da akwatin, sannan in yi masa magana. Ya yi ritaya ban yi ba. Da damina ta faɗi aka ce yana kwance, na ce zan je ƙarshen mako. Zuwan da na yi ƙauyensu, na jana'izarsa ne.

Bayan sadakar uku na buɗe sito na fito da akwatin. Na ba shi lamba, na rubuta sunansa a ƙasanta. Babu wanda ya hana ni, babu ma wanda ya tambaya. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, domin ya nuna mini tun farko ba mai hanawa sai ni.

Yau shi ne akwatin da ke bakin ƙofa, wanda kuke gani mutane sun fi taruwa a kai. Abin da na koya shi ne, mu ma'aikata in za mu gyara wuri don baƙi, aikin namu mutanen muke fara ɓoyewa, sannan mu fake da ƙa'ida. Baƙin ranar sun tafi kafin la'asar, ban sake ganin ko ɗayansu ba. Baba Ilu kuwa shekara goma sha ɗaya muna cin abinci a kwano ɗaya. In kun juya mariƙin nan, ku yi masa addu'a.