Jan Zane a Katangar Maikano

Duk wanda ya taɓa bi ta tashar jirgin ƙasa ta Dangora ya san Malam Maikano, in bai san sunansa ba ya san gudumarsa. Doguwar ƙota gare ta da ɗan ƙaramin kai, kuma shekara talatin da uku ba ta kwana a hannun wani ba. Da zarar jirgin fasinja ya tsaya, sai ya bi taragu ɗaya bayan ɗaya. Ya ƙwanƙwasa ƙafar ƙarfe ya kasa kunne: lafiyayya takan ja sauti, tiiin, mai tsaga kuwa ta ce ƙwaf ta yi shiru. Ya ɗora bayan hannu inda ake zuba giris ya ji ko ya yi zafi, ya shinshina, ya duƙa ya leƙi birki. Taragun nan wasunsu sun girmi direbobin da ke jan su, saboda haka kullum ba ya rasa abin gani.

Direbobi suka raɗa masa suna Kunnen Jirgi, shi kuma, Allah ya gani, ya ɗauki sunan nan da zafi. Tukunya ba ta shiga gidansa sai ya ƙwanƙwasa ta. Masu kankana in sun hango shi sai su rufe kayansu da buhu. Ranar da ɗansa Mujitaba ya sayo babur, maimakon ya sa albarka sai ya zagaya shi yana bugu, ya ce bai yarda da tayar baya ba.

Saura shekara biyu ya yi ritaya kunnen ya fara yaudararsa. Shi dai ya ga ladan ya yi sanyi, zakaru sun zama malalata, mutane duk sun koyi magana ƙasa-ƙasa. Da ya gane abin da ke faruwa, sai ya shiga ɓoyewa. In hukuma ta sani, ƙwace gudumar za a yi a miƙa masa tutar tsare hanya, sunan da ya tara ya tafi a banza. Wannan shi ne abin da yake tsoro fiye da komai a duniya.

Gidansa kuwa katanga ɗaya ce tsakaninsa da tasha. Matarsa Kaltume ta shekara talatin tana tankaɗe da tsince shinkafa a gindin katangar nan, guduma tana shiga kunnenta ko ta so ko ta ƙi. Wata rana jirgi ya daɗe a tsaye yana jiran wani ya wuce, Maikano ya leƙo shan ruwa. Tana miƙa masa moɗa ta ɗaga murya ta ce, "Malam, tarago na huɗu, ƙafar baya. Ba ta yi mini daɗi ba."

"Ke kuma yaushe kika zama ma'aikaciya?" in ji shi.

Amma ya koma. Ya goge ƙafar da tsumma, sai ga tsaga siririya kamar gashi. Tun daga ranar suka ƙulla: ya buga ya saci kallon katanga, in Kaltume ta ji abin da bai kwanta mata ba, ta yafa jan zanenta a kai. Ya sa ta yi alkawarin ba mai ji. Haka aka yi shekara biyu, zane ya hau katanga sau biyar, sau biyar ana samun aibu, ana ta cewa kai, Kunnen Jirgi sai ƙara kaifi yake yi da tsufa. Shi kuma ya gyara hula ya ce baiwa ce.

Saura wata guda ya ajiye aiki aka kawo wa Mujitaba amarya daga Riruwai, Khairiyya, yarinya mai son aiki har ya yi yawa. Kwananta shida a gidan ta tattara kayan surukarta ta wanke tas. Jirgin Kano ya shigo da hantsi, Maikano yana kan tarago na bakwai, ita kuwa igiya ta cika mata, sai ta zagaya bayan rumbu ta shanya jan zane a katanga. Kaltume tana can gefe ta juya baya, tana jin tiiin, tiiin, hankalinta kwance.

Maikano ya ga ja. Ya duba ƙafar, ba tsaga. Ya taɓa, sanyi ƙalau. Ya shinshina, ba komai. Idonsa da hannunsa da hancinsa duk suka ce lafiya, zane ya ce a'a. To, Kaltume ba ta taɓa kuskure ba, kuma mutum ɗari biyar ne a cikin jirgin. Ya ɗaga hannu ya ce jirgin ba inda za shi.

Wayyo, zo ka ga hayaniya! Awa uku jirgi na tsaye. Masu tumatir suna kallon kwandunansu suna salati, wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce a ba ta gudumar ita ma ta gwada a kansa. Shugaban tasha, Malam Badamasi, ya sa aka wanke ƙafar, aka duba ciki da waje, kowa ya buga, tiiin kamar sabuwa. Can sai ga Khairiyya ta miƙo hannu ta kan katanga, ta taɓa zanen ta ji ya bushe, ta janye abinta tana ƴar waƙa.

Ƙarya dai ba za ta fito daga bakin Maikano a kan jirgi ba. Ya cire hula, ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne da laifi. Shekara biyu ke nan ba na ji. Iyalina ce take..."

"Take yafa zane," in ji Badamasi, ya matso daf da kunnensa. "Malam Maikano, ai ni ma katangar nake kallo. Me ya sa kake tsammani na yarda muka yi awa uku?"

Direba ya sauko yana dariya har da riƙe ciki, ya ce su tun kafin su taka birki suke leƙen katangar. Mai shayi ya sani. Mai tsire ya sani. Maikano ya dube su ɗaya bayan ɗaya, kunya ta rufe shi, ga kuma mamaki, don shekara biyu cur ba wanda ya taɓa ko murmusa masa a kan zancen.

Ya shiga gida a fusace. "Kaltume, ina alkawarin?"

"Tun ranar farko na aika wa Badamasi," ta ce, da ƙarfin da har a tasha an ji. "Ya gwada ni sati guda ban yi kuskure ba. Malam, rayukan mutane ne. So kake in rataye su a zanena ni kaɗai?"

Khairiyya ta durƙusa tana hawaye, "Baba, ka yafe ni, ban sani ba." Ya ce ta tashi, ai duk garin nan su biyu ne kawai ba su san komai ba.

Ranar sallamarsa aka shimfiɗa tabarmi a tasha, Badamasi ya kira, "Kunnen Jirgi!" Maikano ya miƙe a hankali. Ya nuna katanga da gudumar ya ce, "Kunnen yana cikin gida, ku gaishe ta. Ni mai bugu ne kawai."